Kwalayen Dagny

Duk ranar Talata ake buɗe ɗakin adana tarihi na garin Tranvig ga jama'a. Jama'ar kuwa ba wasu ba ne, tsofaffin garin ne dai, su zo su sha gahawa, su ci kek ɗin kirfa, su yi ta musu a kan ko wane ne wancan mai hula a bayan hoto, musun da suka yi bara kuma za su sake baɗi. Asta Lodberg ba ta zama cikinsu. Tana can ɗan ɗakin baya ita da kwamfuta, ta turo ƙofa, tana shigar da kayan Dagny cikin rumbun ajiya na intanet ɗaya bayan ɗaya.

Dagny ita ce ta riƙe gidan gahawar masunta na bakin tashar jiragen ruwa, tun tana budurwa har ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Da ta rasu a hunturun da ya wuce, ɗan ƙanenta ya kwashe duk abin da ke gidan a mota, ya jibge a ƙofar ɗakin tarihi, ya koma birni abinsa. Hotuna, kaset-kaset, wuƙaƙe, lofen shan taba, huluna, safar hannu, allurar gyaran taru, tarkace dai iri-iri. Ƙaramar hukuma ta rasa yadda za ta yi da su, sai ta ɗauko Asta daga birnin Aarhus, tunda ita ta karanci wannan aiki, aka ce ta tsara su, ta ba kowanne lamba, ta ɗora su a intanet kafin bikin tashar jirage.

Kuma ta yi aiki, wannan kam ba mai ƙwace mata. Manhajar da ake aikin da ita ta raba rumbun gida-gida: na hotuna daban, na saƙa da tufafi daban, na kayan aiki daban, na muryoyi daban. Duk abin da Asta ta ɗauka sai ta auna shi, ta ɗauki hotonsa ciki da baya, ta rubuta da me aka yi shi, ta kai shi gidansa. Can ƙasan kowane shafi akwai gurbin da ke tambayar ko abin yana da alaƙa da wani abu a rumbun. Wannan takan tsallake shi, don ba dole ne a cike shi ba, manhajar ba ta ƙorafi in an bar shi fayau.

Tana cikin auna wata wuƙa sai Preben ya leƙo. Tsohon likitan haƙori ne daga garin Herning, ya yi ritaya ya dawo bakin teku, yana taimaka wa ɗakin tarihi kyauta, akasari da baki.

"Farfesa, kin yi baƙo. Ya ƙi gahawa, ya ƙi kek. Na ce masa mutumin da ya ƙi kek ɗin matata, asibiti ya kamata ya nufa ba nan ba."

Baƙon tsoho ne dogo da ya fara ranƙwafawa, sanda a hannu ɗaya, hula a ɗayan. Ya tsaya bakin ƙofa yana kanne ido, yana neman inda take.

"Ke ce mai kayan Dagny?"

"Ni ce. Asta. Shigo ka zauna mana."

"Viggo Kynde. Ba zama ya kawo ni ba. Kwalin Laurits na zo gani."

"Kwalin wa?"

"Laurits, yayana. Kwalin takalmi ne mai koren murfi. Yana kanta ta sama a ɗakinta na ciki."

Ya ɗan karkata kai. "Ashe ba a gaya miki ba? To, ai ba abin da ake faɗa ba ne."

Kai, mutanen Tranvig da ƙunshe magana! Abin da kowace tsohuwa a garin ta sani, ba wanda ya ga ya dace ya furta wa baƙuwar da aka damƙa wa kayan. A taƙaice Viggo ya ba ta labari, kamar ana cajinsa kuɗin kowace kalma. In teku ta ɗauki mutum ba ta dawo da shi ba, babu kabari, babu inda za a je a tsaya. To sai iyalansa su kai wa Dagny hotonsa da ɗan abin da ya bari a gida, safar hannun da bai tafi da ita ba, ko wuƙa, ko lofe. Ita kuma ta sa a kwalin takalmi, mutum ɗaya kwali ɗaya. Ba ta rubuta suna a murfi, don ta san kowanne, masu shi ma sun sani. Wanda kewa ta dame shi sai ya shiga ɗakin ciki, ta sauko masa da kwalinsa, ta ajiye masa gahawa, ta ja ƙofa.

"Ni ban taɓa shiga ba," in ji Viggo. "Mama ce ke zuwa. Ina yaro lokacin da abin ya faru. Da na girma kuma, kin san mutum, kullum sai ya ce gobe. Yanzu 'yata za ta ɗauke ni ƙarshen wata, ta samo mini ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita a birnin Aalborg. Idanu ma sun kusa tafiya. Safar hannunsa kawai nake so in riƙe, Mama ce ta saƙa ta. Sai ki sa ta a na'urar nan taku da sunansa, jikokina su gani."

Asta ta ajiye wuƙar a hankali, ta ji bakinta yana cewa, "Kayan ulun ana kan kula da su, ba a fito da su yanzu. Ka dawo Talata mai zuwa."

"Talata mai zuwa," ya maimaita. Ya sa hularsa ya fita.

Babu kwali mai koren murfi. Babu kwali ko ɗaya. Ita ta sani, don ita ta sa aka zubar da su.

Ga yadda abin ya faru. Kwalayen farko da ta buɗe, a makonta na farko, tarkace ne na gaske: kyandiran Kirsimeti, maɓallai, 'yan ƙwallayen da ke ɗaga taru a kan ruwa, duk ɗan ƙanen Dagny ya cakuɗa su don sauri. Sai ta ɗauka sauran ma haka suke. Ranar da ta kai ga kwalayen takalmi, tana ɗaga murfin na farko ta ga asu ya yi gida a cikin ulu, tsutsotsinsa na motsi. Duk mai wannan aiki ya san asu in ya shiga ɗakin ajiya, sai ya cinye komai kafin a farga. Hankalinta ya tashi. Cikin yini ɗaya ta buɗe kwalayen takalmin kaf, ta zare duk wani abu na ulu, ta ƙulle a leda, ta zuba a firiza don sanyi ya kashe ƙwarin. Wuƙaƙen ta ware su gefe, don tsatsarsu na ɓata saƙar. Hotunan ta sa kowanne a rigarsa ta leda. Kwalayen kuwa sun sha laima, suna warin fumfuna, sai ta ce wa Preben ya kai su juji kafin su shafa wa sauran kaya. A daren ranar har yaba wa kanta ta yi, ta ceci kayan.

Abin da ya fi cin ta yanzu shi ne ta lura. Wallahi ta lura. Ta ga kowane kwali hoto ɗaya ne a cikinsa, guda ɗaya tak, kuma na namiji. Ta ce a ranta, abin mamaki, zan duba wannan daga baya, ta ci gaba da zare ulu. Alhali abu na farko da ake koya wa ɗalibi a wannan fanni shi ne kada ya motsa komai sai ya ɗauki hoton yadda ya same shi, don zaman abu kusa da abu shi ma tarihi ne. Ita da kanta ta tara 'yan sa kai ranar da ta iso, ta karanta musu wannan doka, har da ɗaga yatsa. Tun daga ranar ne ma Preben ya laƙaba mata Farfesa.

Hoton Laurits bai yi wuyar samu ba, akwai sunansa a baya da rubutun mai ɗaukar hoto. Saurayi ne mai faɗin goshi, yana dariya a jikin jirgi, hannayensa duka biyu cikin aljihu. Safar hannun ce matsala. Sun fi ashirin, duk na farin ulu da ba a rina ba, duk masu babban yatsa biyu irin na masunta, don in gefe ɗaya ya jiƙe a juya. Haka kowace mace a Tranvig take saƙa su tun kaka da kakanni, ba ado, ba alama. Asta ta ba kowacce lambarta, ta auna tsawonta har zuwa milimita, amma ba ta san ta wane ne ko ɗaya ba.

Makon nan ba inda ba ta buga ba. Ta bincike wayarta ko ta ɗauki wani hoto a ranar, ta sami guda ɗaya: tsutsar asu, kusa-kusa, wadda ta aika wa wata ƙawarta don ta tsorata ta. Ta kira ɗan ƙanen Dagny, ya amsa yana tuƙi, ya ce shi dai ya kwashe kaya ne, kwalin wa kuma? Ta je juji, mai gadin wurin ya dube ta kamar ta zautu, ya ce kwalin watannin baya ai yanzu ya zama wani kwalin, wataƙila ma ita ta sayi takalmi a cikinsa. Ta zauna ta saurari kaset ɗin Dagny duka, ko tsohuwar ta ambaci wani abu. Ba komai sai waƙoƙin coci da masunta ke rerawa da kakkausar murya, da ƙarar kofuna.

Ta daina shiga gidan burodi da safe. Ba wanda ya ce mata uffan, ba wanda ma ya sani, amma in matar kanti ta ce mata "Yaya aikin Dagny?" sai ta ji kamar a tsirara take tsaye. Burodin babban kanti ta koma ci, mai ɗanɗanon takarda, kuma ta ga ya dace da ita.

Ran Juma'a ta shimfiɗa farar takarda a kan dogon teburin ɗakin ajiya, ta jera safar hannun, ta tsaya tana kallonsu ko za su yi magana. Nan Preben ya same ta.

"Farfesa, kasuwa kika buɗe? Nawa-nawa?"

Ta gaya masa komai, ba ta dube shi ba. Ta yi zaton zai yi dariya, da ma ya yi, da ta sami wanda za ta ji haushi. Amma sai ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana shafa gemu.

"Ni na kai su juji," ya ce. "Har tattaka su na yi don su shiga mota."

"Ni na sa ka."

"Haka ne." Ya dubi teburin. "Kin san a aikina na da, in tsoho ya zauna a kujera ya ce mini, Preben, zai yi zafi? Sai in ce masa ko kaɗan. Kuma ban taɓa kasa barci a kan wannan ba. Ki ɗauki ɗaya mai kyau ki ba shi. Mutumin nan ba ya gani sosai, ƙarshen wata zai bar garin. Ya riƙe, ya ji sanyi a ransa, ya tafi. Wa aka cuta?"

"Kada ka sake faɗin haka!" Muryarta har ta ba ta tsoro. "Ka san abin da rumbun nan yake? Duk abin da na shigar, babban rumbun ƙasa zai kwafe shi, daga can wasu su kwafa. Bayan ni da kai mun mutu, ƙaryar tana nan da lambarta, ana kafa hujja da ita. Kuma in na ba Laurits safar wani, shi wanin fa? Shi ba shi da 'yan'uwa?"

"To madalla," in ji Preben, ya miƙe. "Sai ki gaya masa kin zuba yayansa a juji."

Ya ga yadda fuskarta ta yi, ya so ya janye maganar, amma ta riga ta fita daga bakinsa. Ya dafa kafaɗarta sau ɗaya, ya tafi wanke kofuna.

Gaskiyar za ta faɗa, ta yanke wannan tun ran Asabar. Ta tsara kalmomin, ta maimaita su a mota, ta maimaita a banɗaki, ta maimaita wa madubi. Ba dogon bayani, ba laɓewa bayan asu. Za ta ce, Viggo, na yi kuskure babba, kuma ba zai gyaru ba. Har ta iya faɗinsa ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

Sai Talata ta zo, Viggo ya shigo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ya yi aski, har ya yanke haɓarsa, ya manna 'yar takarda a wurin. Ya ciro wani ƙunshi daga aljihu ya ɗora mata a tebur.

"Busasshen kifi ne, ni na shanya da kaina. Ku 'yan birni ba ku san daɗinsa ba, amma ki gwada. Na ba ki wahala."

Wayyo. Da da faɗa ya zo, da ta iya. Ta buɗe baki, ta dubi 'yar takardar nan a haɓarsa, kalmomin da ta kwana uku tana haddacewa suka watse kaf. Ya zauna a kujera ba a ce masa ba, ya jingine sandarsa, ya ɗora hannayensa a gwiwa kamar yaron da ke jiran kyauta.

"Ina zuwa," ta ce.

A ɗakin ajiya ta yaye mayafin da ta rufe teburin da shi. Ba ta yi wani tunani ba, ko kuma ta ƙi yi. Hannunta ya kai kan wasu da asu bai taɓa sosai ba, masu ɗan girma, irin waɗanda za su dace da saurayi mai faɗin goshi. Ta ɗora su a tire, ta sa hoton Laurits a gefe, ta fito. A hanya ta haɗa ido da Preben yana riƙe da butar gahawa. Ya kawar da kai, kuma wannan ya fi mata zagi ciwo.

Viggo ya fara ɗaukar hoton, ya kai shi dab da hancinsa, ya ce, "Ga ɗan banzan nan." Sannan ya ajiye, ya lalubi safar. Ya juya ta, ya bi bakinta da babban yatsa, ya kai ta fuskarsa ya shaƙa. Me zai ji in ban da warin leda da firiza? Amma ya daɗe a haka.

"Ita ce," ya ce. "Ga hannun Mama nan. Kullum sai ta matse baki, ta ce kada iska ta shiga."

Hawaye suka gangaro masa, bai share ba, bai kuma yi sauti ba. Ya zura hannunsa ciki a hankali.

"Da asuba in zai tafi tasha, ni nake raka shi, ina riƙe masa abincinsa. In sanyi ya dame ni sai ya cire guda ɗaya ya ba ni, in zura hannuwana duka biyu a ciki, in yi ta tafiya haka kamar wanda aka ɗaure. Yana ta yi mini dariya. Ranar ƙarshe ban raka shi ba. Barci na yi." Ya juya hannunsa a cikin safar. "Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko matata."

Asta ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Tsohon nan ya buɗe abin da ya rufe tun yana yaro, ya zuba shi a kan safar da ta tsinta da ka, kuma ita ta jawo. Ta ƙura wa allon kwamfuta ido don kada ta dube shi.

"To rubuta," ya ce, yana jan hanci. "Rubuta a na'urar."

Ta buɗe shafin safar. Ta haɗa lambarta da lambar hoton. Ta rubuta Laurits Kynde, masunci, Tranvig. Yatsunta suna yi kamar ba nata ba. Sai manhajar ta buɗo wani ɗan gurbi, tana tambayar daga wa aka sami wannan bayani.

"Me ya tsayar da ke?"

"Tana tambayar wanda ya tabbatar."

"To ni mana. Sa sunana. Viggo Kynde, ƙanensa, ya gani ya shaida." Har ya ɗan gyara zama. "Ki sa da manyan baƙaƙe, yaran su san kakansu bai ruɗe ba tukuna."

Ta rubuta Viggo. Ta rubuta Kynde. Ta tsaya tana kallon sunan. Ƙaryar tata ce, amma ga shi shi za ta sa ya ɗauka, da sunansa za ta zauna a rumbun, shi za a ce ya shaida. In wata rana aka gano, tsoho mai mataccen ido za a ce ya yi kuskure. Nan ne abin ya gagare ta. Ta janye hannuwanta daga kan madannai ta sa su a cinya.

"Viggo, ba ita ba ce." Ta sunkuyar da kai. "Ko kuma ban sani ba ko ita ce. Ɗaukowa kawai na yi."

Ya juyo da fuskarsa wajenta.

Ta faɗa masa, ba yadda ta tsara ba, a hargitse, tana haɗa gaba da baya. Asun, firizar, jujin. Cewa ta ga hoto ɗaya a kowane kwali ta wuce. Cewa ba na Laurits kaɗai ba, na kowa da kowa ta wargaza, kuma ba wanda zai iya mayar da su. Cewa tun makon jiya ta sani ta ce masa ana kula da su. Cewa yanzun nan ta shiga ciki ta zaɓi wadda ta fi kyau don ta kasa duban idonsa. Ba ta ce ya yafe mata ba, ta ga ba ta da bakin roƙon wannan.

Daga babban ɗaki ana jiyo tsofaffi suna gardama a kan shekarar da aka gina tasha. Viggo bai motsa ba. Can sai ya zare hannunsa daga cikin safar, yatsa bayan yatsa. Ya shimfiɗa ta a kan tiren, ya daidaita ta da 'yar'uwarta, ya gyara bakinta. Sannan ya ciro hankici ya share fuskarsa sosai, kamar mai goge wani abin da bai kamata a gani ba. Kunnuwansa sun yi ja. Sai a lokacin Asta ta gane ba ita kaɗai ke jin kunya a ɗakin ba, ta sa tsohon nan ma ya ji kunyar hawayensa, kuma wannan ya fi duk abin da ta yi muni.

"Na ce hannun Mama ne," ya faɗa a hankali, ba da ita yake ba.

"Kowa zai iya..."

"Bari." Ya ɗaga hannu. "To wacce ce?"

"Ban sani ba."

"Amma tana nan?"

"Tana nan. Duk suna nan, ba wadda ta ɓata."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe. "Kai ni."

Ta wuce gaba, ya bi ta. Ta kunna fitilar ɗakin ajiya. Ga su nan jere a kan farar takarda, kowacce da 'yar lambarta ɗaure da zare. Viggo ya tsaya a bakin teburin ya daɗe yana kallon abin da idonsa ke iya nuna masa. Sannan ya miƙa mata sandar ba tare da ya dube ta ba, ta karɓa.

Ya ɗora tafin hannunsa a kan ta farko. Bai shafa ba, bai ɗaga ba, ya dai bar hannun a kai na ɗan lokaci. Ya matsa, ya ɗora a kan ta biyu. Haka ya bi teburin yana dafe da gefensa da ɗaya hannun, bai tsallake ko ɗaya ba, har waɗanda asu ya cinye rabinsu, har wata ƙarama da ba yadda za a yi ta shiga hannun Laurits. Kowacce ya ba ta lokacinta daidai da 'yar'uwarta. Asta tana biye da shi da sanda a hannu, ba ta taɓa jin tebur ya yi tsawo haka ba.

Da ya kai ƙarshe ya tsaya yana numfashi.

"Na taɓa duka?"

Ta duba. Akwai wasu can lungu ta jikin bango, inda hannunsa bai kai ba. Ta jawo takardar a hankali har suka zo gabansa. Ya ɗora hannu a kansu, ya rufe ido, sannan ya ɗauke.

"Yanzu duka," ta ce.

Ya karɓi sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Akwai mata biyu a layinmu, su ma suna da kwali. Sun ce in na dawo in gaya musu yadda ake yi, sai su zo." Ya sa hularsa. "Zan ce su zo. Ke za ki gaya musu, ba ni ba."